A Buɗe Wa Yara Ƙofa Su Fita Wasa

Jawabin da kwamitin kula da yara ya gabatar a taron dattawa, iyaye da malaman makarantar Lahadi

 

Da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai yau, muka ce wasan yara, wani dattijo ya dube mu ya ce, "Duk matsalolin da ke damunmu, wasa kuka gani?" Ba mu ga laifin Baba ba. Ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ga rashin tsaro, ga wahalar samun filin gina majami'a a wasu garuruwa. Duk da haka muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku, domin abin da muka gani a gidajen da muka zagaya ya tayar mana da hankali.

Ƙarfe 5 na yamma, rana ta yi sanyi, lokacin da a da ba ka iya jin maganar na kusa da kai saboda ihun yara a ƙofar gida. Ka yi sallama ka shiga, gida tsit. Sai ka leƙa ɗaki ka tarar da yara uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, labule a sake, ko gaisuwa sai an tuna musu. Uwar gida kuwa ta ce maka, "Ai ni 'ya'yana ba sa fita ko nan da can, daga makaranta sai gida, daga gida sai majami'a." Tana faɗin haka da jin daɗi, domin a ganinta ta tsare su. Da yawa daga cikinmu haka muke faɗi. Mun mai da zaman ɗaki shaidar tarbiyya.

Bari mu tuna wa juna yadda muka taso. Yawancin waɗanda ke zaune a nan, da za a tambaye su inda suka koyi gudu da tsalle da kokawa, a dandali za su ce. In farin wata ya fito, 'yan mata na gaɗa a gefe guda, samari na langa a ɗaya gefen, ƙanana na wasan ɓuya a bayan rumbu, tsofaffi na zaune a kan tabarma suna kallo, in an gaji a zauna tatsuniya. Da rana kuma ga carafke, ga 'yar gala-gala, ga gare-gare da tsohuwar taya, ga motar kara wadda yaro zai yini yana feƙewa yana haɗawa, ya yi mata tayoyi da sakaina, ya ɗaura mata zare ya ja ta unguwa-unguwa yana taƙama kamar mai tirela.

Ku ɗauki langa kawai. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa, yana kuma kare kansa kada ya faɗi ko ya saki ƙafar. Kowane ɓangare yana da wanda ake kira ruwa, shi sauran ke karewa har ya kai wurin sha. A cikin wannan wasa guda akwai ƙarfin ƙafa, akwai daidaita jiki, akwai numfashi, akwai dabara, akwai kuma koyon faɗuwa a gaban jama'a ba tare da kuka ba. Babu alƙali. Yara da kansu ke yanke hukunci, su yi gardama, su shirya, su ci gaba, domin kowa ya san in wasa ya watse duka aka yi hasara. Wasan ya yi ƙimar da har ana gasarsa a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa, amma ku tambayi yaro ɗan shekara 10 a makarantar Lahadi ta birni mene ne langa, ku ji amsar da zai ba ku.

Ba muna cewa zamanin da babu aibu ba ne. An karye, an yi targaɗe, maciji ya sari wasu, wasu sun nutse a kududdufi, kuma za mu dawo kan wannan. Amma dai dandalin ya yi mana aikin da ba mu san yana yi ba sai da muka rasa shi.

Yaya aka yi muka rasa shi? Tsoro ne kan gaba, kuma ba tsoron banza ba ne. Rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000, da na Jos na watan Satumban 2001, da waɗanda suka biyo baya, sun raba unguwanni. A Kaduna kowa ya san yadda aka koma, wasu kudu da kogi, wasu arewa da shi. Yaran da iyayensu suka yi langa tare, Musulmi da Kirista, yau ba su san sunan juna ba. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwan da muke zaune muna da wani tsoron na daban, wato kada faɗan yara a bakin famfo ko a filin ƙwallo ya rikiɗe ya zama faɗan manya. Sai kuma satar mutane ta zo. An kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014. An kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar sakandaren Bethel ta Baptist a jihar Kaduna a watan Yulin 2021, aka kuma kwashe fiye da 100 a Kuriga a watan Maris na 2024. Uwar da ta ji waɗannan labarai ta tashi ta sa wa ƙofa sakata, wa zai zarge ta? Ba mu ba.

Bayan tsoro sai rashin fili. Filayen da muka yi wasa a kai an yanka su fuloti-fuloti an sayar. Makarantu masu zaman kansu da yawa a cikin gidajen haya suke, tsakar gidan bai fi wurin shanya ba, lokacin fita tara ya yi sai yara su tsaya cirko-cirko a baranda su ci abin da suka zo da shi su koma aji. An tashi kuma sai lesin, an dawo gida sai aikin da malami ya bayar. Mu iyaye mu ne muke neman haka, domin muna ganin makarantar da ta fi tsare yaro a kan benci ita ta fi cancantar kuɗinmu.

Sai waya. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, a lokacin ta manya ce, kira kawai ake yi da ita. Yau ta zama talabijin da silima da gidan wasa a tafin hannu. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, yara suka yi wata da watanni a gida, a nan ne da yawa suka saba da ita, annobar ta wuce sabon bai wuce ba. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu: sau nawa muke miƙa wa ɗan shekara biyu waya ana tsakiyar sujada don kawai ya yi shiru? Waya ta zama 'yar raino, ba ta gajiya, ba ta neman albashi, shi ya sa muke son ta.

To, mece ce hasarar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2020 cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a rana na motsa jiki irin wanda ke sa zuciya bugawa da numfashi sama-sama, tare da wasannin da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar tsalle da gudu da hawa, aƙalla kwana 3 a mako. Ga ƙanana kuwa, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce 'yan shekara 1 zuwa 4 su samu minti 180 suna motsi a cikin yini, wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1. A wannan shekara ta 2019 hukumar ta wallafa binciken da ya haɗa ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, aka ga kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun wannan awa guda. Maza kashi 78, mata kashi 85. Ku riƙe wannan bambancin na mata, za mu dawo gare shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki da muke shirya wannan jawabi shi ne maganar ido. Akwai larurar da ke hana mutum ganin nesa, yaro ya zauna a bayan aji ya kasa karanta abin da ke allo, sai ya riƙa ƙanƙance ido, malami ya ɗauka daƙiƙi ne. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar idon ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya lokacin da yaro ke girma, saboda haka hoton abin da ke nesa ba ya faɗawa daidai a bangon ido na baya. In ido ya riga ya yi tsawo ba ya komawa. Tabarau yana gyara gani amma ba ya mai da idon yadda yake, kuma in abin ya yi tsanani yana ƙara haɗarin lalacewar bangon idon har da makanta a shekarun girma. A manyan biranen gabashin Asiya, kamar na Sin da Koriya ta Kudu da Singafo, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da wannan larura.

An daɗe ana ɗora laifin a kan gado da yawan karatu. Sai a 2008 wasu masana a ƙarƙashin Kathryn Rose suka gwada yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, wasu a Sidni ta Ostireliya, wasu a Singafo. Jini ɗaya, kuma iyayensu kusan daidai suke wajen wannan larura. Amma a Singafo kashi 29 cikin 100 na yaran sun kamu, a Sidni kuwa kashi 3 kacal. Na Sidnin ma sun fi karanta littattafai. Bambancin da aka gano shi ne na Sidni suna yin kusan awa 14 a mako a waje, na Singafo kimanin awa 3.

Daga nan aka gwada abin a aikace. A Guangzhou, birnin nan na Sin da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya, an ɗauki makarantun firamare 12, aka ƙara wa 'yan aji ɗaya na rabinsu minti 40 a waje kowace ranar makaranta, sauran aka bar su yadda suke. Bayan shekara 3, a sakamakon da aka wallafa a 2015, kashi 30 cikin 100 ne suka kamu a makarantun da ake fita, sauran kuwa kusan kashi 40. Taiwan ta fara shirin fitar da ɗalibai waje minti 120 kowace rana a 2010, adadin yara masu raunin gani, wanda ya yi shekaru yana hawa, ya fara sauka. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne haske mai ƙarfi yana sa ido ya fitar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa tsawon ido birki. Hasken waje, ko da a inuwar mangwaro ne, yakan ninka na ɗaki sau goma ko fiye. Wato ba sai yaro ya tsaya a tsakiyar rana ba, ba sai ya yi gudu ba ma, ko dara yake yi a gindin bishiya idonsa na amfana.

Har yanzu ba mu kai waɗancan ƙasashe ba. Amma hanyar da suka bi suka kai can, wato aji, lesin, ɗaki, ita muka kama a biranenmu. Su sai da gwamnati ta kafa shiri kafin yara su ga rana. Mu da rana ke fito mana kyauta kusan kowace safiya, mu ne muke sakin labule.

Game da ƙashi, akwai darasin da ya fito daga gida. Kun san yaran da ƙafafunsu ke gwamewa ko su lanƙwashe kamar baka. A Turai rashin hasken rana ne ya saba kawo wannan, domin da hasken rana fata ke yin bitamin D. Amma Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos sun yi bincike a kan yara 123 masu wannan ciwo, aka wallafa a 1999, suka ga waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Namu yaran abin gina ƙashi ne ya yi musu ƙaranci a abinci, tuwon masara da safe, tuwon masara da dare. Mun kawo wannan ne don kada wani ya fita daga nan ya ce kwamiti ya ce rana maganin kome ce. Tsalle da gudu suna sa ƙashi ya yi ƙwari, kuma mafi yawan ƙwarin ƙashin mutum yana samuwa ne kafin ya kai shekara 20, amma sai da nono ko madara, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙashi, da miyar kuka, da zogale, da riɗi. Wanda ya ga ƙafar ɗansa ta fara lanƙwashewa ya kai shi asibiti da wuri.

Sauran amfanin kun san shi ba sai likita ya faɗa ba. Yaron da ya yi wasa ya gaji yana cin abinci ba lallashi, yana barci da wuri. Yaron da ya saba rigima da shiryawa da sa'o'insa ya fi iya zama da mutane a kan wanda in ya ga za a cinye shi sai ya danna maɓalli ya sake sabon wasa.

Ko dokar ƙasa ta san da wannan. Sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta ɗauko shi. A 2024 Majalisar ta keɓe 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya.

Yanzu bari mu koma kan haɗari, domin in muka ce a fita ba mu faɗi wannan ba mun cuce ku. A ƙauyukan da 'yan bindiga ke yawo, ba mu ce kowa ya tura yaro daji ko bakin rafi ba. Dattawan wurin su suka san lokaci da wurin da ya dace, ko da tsakar gida ne.

Kududdufi da madatsar ruwa su ne abin da muka fi jin tsoro. Ban da nutsewa, wanda ke faruwa kowace damina, har da tsofaffin ramukan haƙar kuza a Filato, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. A wasu wurare har gobe ana ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ciwo ne, yana rage jini, yana lalata mafitsara in ya daɗe, kuma yana da magani a asibiti. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, saboda haka wasan farin wata, duk da daɗinsa, gara a rage shi da damina, a mai da wasa tsakanin ƙarfe 4 da 6 na yamma, a kwana cikin gidan sauro. A nome ciyawa a kwashe tarin duwatsu a inda yara ke wasa saboda kububuwa. Mutanen Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, za su gaya muku ba a yi mata laƙabin gobe da nisa a banza ba. In ta yi sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci, a nufi asibiti. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, a guji tsakar rana, a ajiye ruwan sha kusa. Yaro mai ciwon sikila kada a hana shi wasa, amma ya sha ruwa sosai, ya huta in ya gaji, a sa masa rigar sanyi da hunturu. Titi kuwa, da yadda babura ke gudu yanzu, ya daina zama wurin ƙwallo.

Duk waɗannan suna kai mu ga roƙon da ya kawo mu gabanku, iyayenmu dattawa. A garuruwa da yawa, fili ɗaya da ya rage mana mai katanga, mai ƙofa, wanda muka san mai gadinsa, shi ne harabar majami'a. Daga Litinin zuwa Asabar a kulle take, sai akuya da ƙadangare. In yara suka shiga da ƙwallo, mu ne muke korarsu, wai za su fasa gilashin taga ko su tattake furanni. In kuɗi ya samu kuma sai mu shimfiɗa siminti a ko'ina, mu jera shaguna a jikin katanga, mu keɓe sauran don ajiye motoci. Mun san ana bukatar kuɗin hayar shago, mun san kuma wahalar da aka sha kafin a samu filin. Amma nawa ne gilashin taga? Ragar waya a jikin taga ta kashe wannan magana.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta bar wani yanki na harabarta ƙasa zalla, a dasa masa darbejiya ko mangwaro, a rubuta a littafin majalisa cewa wurin na yara ne, don kada wani kwamitin gini ya zo gobe ya ce bai sani ba. A buɗe ƙofa da yamma, ko da kwana 3 ne a mako. A sa manya biyu su zauna, namiji da mace, a riƙa juyawa. Mun ce biyu da gangan. Kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara, kowane ne shi, domin wanda ke cutar da yaro sau da yawa sananne ne ba baƙo ba, kuma wannan tsari kariya ce ga yaran da shi babban. Aikin masu zaman shi ne su sa ido, su raba faɗa in ya yi zafi, su wanke ciwo. Ban da haka su ƙyale yara su shirya wasansu. Mun san halinmu, in ba a ja kunne ba, kafin wata ya ƙare mun mai da abin wani aji, da rajista da haddar aya da bulala. Makarantar Lahadi tana nan da lokacinta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a cikin ikkilisiya. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, da fareti da zaman sansani a waje ta riƙe samari. Ku tuna kuma da annabi Zakariya, a sura 8, da ya so ya nuna wa mutanen da suka sha yaƙi da bauta yadda salama za ta kasance a Urushalima, alamar da ya kawo ita ce tsofaffi da yara a waje, waɗannan na zaune, waɗancan na wasa. Dattijon da ya tambaye mu ko wasa muka gani, wannan ce amsarmu gare shi, da ladabi.

Iyayenmu mata, ga maganar da muka ce za mu dawo gare ta. An tashi daga makaranta, namiji ya jefar da jaka ya fita. Mace kuma ga wanke-wanke, ga ɗebo ruwa, ga raino, ga talla. In ta kai shekara 11 ko 12 ta ɗauki igiya za ta yi tsalle sai a ce, "Ke ba ki san kin girma ba?" Wani zai ce ai aikin gida ma motsa jiki ne. Gaskiya ne daka da ɗaukar ruwa suna gajiyar da jiki, amma ba a dariya a cikinsu, ba ƙawaye, ba zaɓi. Yarinyar nan ita ce gobe za ta ɗauki ciki ta yi goyo, tana bukatar ƙashi mai ƙwari fiye da kowa. A raba aikin gida tsakanin maza da mata, namiji ba ya mutuwa don ya wanke kwano. A filin majami'a kuma a keɓe wa 'yan mata nasu gefen ko nasu ranar, domin in ba haka ba, ƙwallon samari za ta cinye filin duka, su koma 'yan kallo a jikin katanga.

Akwai tambayar da aka yi mana wadda muka daɗe muna tattaunawa a kanta: in 'ya'yan maƙwabta waɗanda ba masu bi ba suka zo fa? Shawararmu ita ce a bar su, da sanin iyayensu. Dattijo ko biyu su je su gai da mai unguwa da maƙwabta tun kafin a fara, su bayyana cewa fili ne na wasa, ga ranaku, ga lokaci, ga waɗanda za su zauna, kuma ba za a yi wa ɗan kowa wa'azi a ɓoye ba. In an faɗi haka a cika. Inda maƙwabta ba su saki jiki ba, kada a matsa. Inda kuma akwai filin makarantar gwamnati da yaran unguwa ke taruwa, kuma ana zaman lafiya, babba ya raka namu su je. Muna ganin yaron da ya san sunan ɗan maƙwabcinsa, suka ci ƙwallo tare suka sha kaye tare, zai yi wuya a zuga shi ya jefe shi ranar da gari ya ɗauki zafi. Kowace ikkilisiya ta auna yanayin garinta.

A gida kuma, kada mu tsaya jiran majalisa. Waya ta samu wurin kwana wanda ba ɗakin yara ba, ta samu kuma lokacin da ba a taɓa ta, har da ta Baba da ta Mama, domin yaro ba zai ajiye tasa ba yana ganin tamu a hannu. Kwanakin farko za a yi kuka da fushi, za a ce ba abin yi a waje. A daure. Yaron da aka bari da kara da gwangwani da ƙasa ba ya daɗewa bai ƙirƙiro wani abu ba. In ya dawo da riga duk ƙura kada a tarye shi da duka, a keɓe masa tsofaffin kaya na wasa. Ranar taron iyaye da malamai kuma, bayan an gama maganar kuɗi, wani ya ɗaga hannu ya tambaya minti nawa yara ke yi a waje, kuma ina suke yin sa.

Muna roƙon sakatarorin ikkilisiyoyi su kai wannan magana gaban majalisunsu, su zo mana da amsa a zama na gaba: akwai fili ko babu, waɗanne ranaku, su wa za su zauna. Ikkilisiyar da ba ta da haraba ta faɗa mana, mu ga ko za a haɗa ta da ta kusa da ita. Dattawa da iyaye mata waɗanda har yanzu suke tune da dokokin langa, da dara, da carafke, da 'yar gala-gala, don Allah ku tsaya ku ba malaman makarantar Lahadi sunayenku bayan an tashi, domin yawancin malaman namu matasa ne, su ma sai an koya musu.